Basir ɗin Haladu Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Gangare ya san Haladu tela, mutumin da ba ya yanka yadi sai ya bar rara a ciki. "Jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya," haka yake ce wa masu kawo ɗinki, "a bar wa gobe wurin buɗawa." Shekara ashirin da biyu yana kan keke, sha huɗu daga ciki yana tare da matarsa Talatu, 'ya'ya uku, ba a taɓa jin kansu ba. To, wannan mutumin ne ya je ya yi wa jikinsa aikin da ba ya warwaruwa.

Majalisa ce ta ja masa. Wata rana da la'asar wani ya zagaya da waya a ƙofar shagon, wai yanzu da allura ake ƙara wa namiji kauri, kamar dai a kai wando gyara. Haladu ya yi dariya tare da kowa, amma maganar ta bi shi gida. Talatu fa ba ta taɓa yin ƙorafi ba, wallahi ko sau ɗaya. Ranar wata Laraba ya rufe shago ya nufi unguwar Rikkos, wani ɗaki a bayan kemis, inda wani mai farar riga ya ɗura masa abu a ƙarƙashin fatar gabansa. Mutumin da ke murza yadi da yatsa kafin ya saya, bai ko tambayi sunan abin ba.

Wata biyar yana tafiya yana buɗa kafaɗa. Daga nan abin ya fara dunƙulewa kamar kunun da ya yi gudaji, gefe ɗaya ya yi tauri, ya karkace, ga zafi. Da ya koma Rikkos, ya tarar ɗakin ya zama wurin cajin waya.

Sai ya fara gudun matarsa. Da ta matsa da tambaya, ya ce basir ne. Ai mun san basir a garin nan, duk abin da namiji ya kasa faɗa, can yake jibge shi. Baiwar Allah ta yarda. Ta hana shi zaƙi da maiƙo, ta aika har garin Vom wurin gwaggonta aka kawo saiwoyi, kullum tukunya na kan wuta, unguwa duk ta san warin. Shekara guda cur Haladu yana shanye ɗacin nan yana cewa an gode.

Da zafin ya fi ƙarfinsa ya je asibiti, aka tura shi wurin Dokta Dantong, likitan mafitsara. Bayan an duba shi, Haladu ya sunkuyar da kai.

"Likita, gyara kawai nake so. A ɗan ƙara a inda ya lotsa, ya daidaita."

"Oga Haladu, me aka zuba maka?"

"Ban sani ba."

Likitan ya ajiye biro. Ya ce akwai irin da ake narkarwa da wata allura, amma wannan taurin bai yi kama da shi ba, ya fi kama da mai. In an ƙara wani a kai, ko da kitsen jikinsa ne, wurin na iya ruɓewa, fatar ta mutu. Hanya ɗaya ce ta rage: a yanka a kwashe, wataƙila har a ɗebo fata daga cinya a rufe. Kuma ba zai yi alkawarin komai zai dawo yadda yake ba.

"Babu rara ke nan," in ji Haladu a hankali.

"Babu. Matarka ya sani?" Hausar likitan ba ta raba mace da namiji. Ya miƙa masa takardar aikin. "Ka zo da shi. Ba zan yi aikin nan ba sai akwai mai jinyarka a gida."

Ya isa gida bayan azahar, takardar na aljihu. Talatu na tsakar gida tana tace maganin. Ta miƙa masa kofi ba ta kalle shi ba.

"Baban Kausar, na tambayi mata. Basir ba ya hana mutum kallon matarsa. In ka gaji da ni ne, ka faɗa mini, zan iya ɗauka. In kuma wani abu ne, ka faɗa, mu nemi magani tare."

Kai, jama'a! Ga ƙofa ta buɗe masa har bango. Hannunsa na kan takardar. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi, ya ga gara ta ɗauka ba ya son ta da ta san abin da ya aikata.

"Basir ne," in ji shi.

Ba ta yi kuka ba. Ta wanke rariyar, ta kife tukunyar, washegari ta kwashi yaran ta tafi gidan yayanta.

Wata bakwai ke nan. Haladu na nan a kan kekensa, yana zaune a karkace, takardar likita na cikin durowa ƙarƙashin ƙyallaye. Ya koyi dafa saiwoyin da kansa, kullum da safe sai ya ɗora tukunya, don maƙwabta su riƙa jin warin.