Mai Tarbar Baƙi a Bakin Tekun Kwamfuta

Da na yi ritaya daga aikin gwamnati, abin da ya fara damuna shi ne shirun gida. Ofis ya saba mini da hayaniya, sai ga ni a gidana a Malali, cikin Kaduna, daga ni sai mai ɗakina da rediyo, ga ciwon gwiwa ya hana ni yawo. 'Yata ta biyu ce ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe mini wata duniya a intanet inda kowa ke da ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarsa, yana yawo yana hira da jama'a ta rubutu. A can na ci karo da ƙungiyar masu tuƙa jiragen ruwa masu filafilai, irin waɗanda iska ke turawa. Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Makon farko na kife da jirgi sau ba adadi, ba wanda ya ce mini kanzil. Da na iya, sai na nemi shugabannin ƙungiyar su ba ni aikin tarbar sababbin shiga, suka amince. Kullum daga la'asar zuwa magariba ina tsaye a bakin gaɓa. Duk wanda ya faɗo yana dube-dube, zan rubuta masa "sannu da zuwa" da Hausa, sannan in fassara masa da Turanci. In ba shi aron ƙaramin jirgi, in zauna kusa da shi, in nuna masa yadda ake gane inda iska ta fito da lokacin sassauta igiya. Na tarbi tsoffin sojoji, na tarbi wata mai jinyar mahaifiyarta da ba ta samun fita. Shekara huɗu ina wannan, ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba.

A wurin wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi na haɗu da wani da ya yi aiki a ƙarƙashina, wanda ni na koya masa rubuta takardar ofis tun yana sabon ɗauka. Ya wuce ni daga baya, ya yi ritaya yana darakta, amma bai daina ce mini oga ba. Da na ba shi labarin ƙungiyar, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Haba oga, da furfurarka kake wasan yara?"

Bayan mako guda sai ga wayarsa, wai in nuna masa ƙofar shiga. Na hau keke mai ƙafa uku na je har gidansa na buɗe masa, na dawo na tarbe shi a gaɓa kamar kowa. Wata biyu ina zaune a jirginsa ina gyara masa kuskure. Yana da kaifin kai, ga sola a gidansa, ga intanet mai ƙarfi. Kafin shekara ta zagayo ya fara cin tsere, aka sa shi cikin kwamitin ƙungiya. Na yi murna ƙwarai, har na gaya wa mai ɗakina yanzu mu biyu ne 'yan Kaduna a can.

Da damina taransifomar layinmu ta ƙone. Mako uku ba wuta, janaretona kuma ya daɗe da mutuwa. Na buga masa waya na ce ya shaida wa kwamiti halin da nake ciki, ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar da wuta ta dawo, ko shayi ban tsaya sha ba na shiga. A daidai inda nake tsayawa na tarar da wani gunki da kwamfuta ke sarrafawa, sanye da hular matuƙa. Ina matsawa kusa ya rubuto mini "sannu da zuwa", da fassarar, da bayanin iska da igiya, kalma bayan kalma yadda nake faɗa. Har wani kuskuren Turanci da na saba yi yana nan ba a gyara ba.

Na kira darakta a waya.

"Darakta, wane ne ya kafa wannan abin a wurina?"

"Ai ni na kawo shawarar, oga. Na ga kana wahala, ga yanayin wutarku. Wannan ba ya gajiya, ba ya tashi salla."

"Maganganun fa? A ina ya samo su?"

"Cikin hirarmu na kwafo. Ai abin alfahari ne gare ka."

"Da ka tambaye ni."

"To oga, da na tambaya za ka yarda?"

Kafin in ba shi amsa ya ce yana da baƙi.

Ban daina zuwa nan take ba. Nakan tsaya gefe ina kallo. Wata rana wani sabon shiga ya kife, ya dawo gaɓa yana tambayar gunkin me ya yi ba daidai ba. Gunkin ya sake yi masa sannu da zuwa. Ya sake tambaya, ya sake samun amsa ɗaya. Na kasa daurewa, na ɗauke shi a jirgina muka zagaya tsibiri, ya yi ta godiya. Washegari saƙo ya zo daga kwamiti, cewa tarbar baƙi yanzu tana da tsari, a daina ruɗa sababbin shiga da bayani kashi biyu. Sunan darakta ne a ƙasa. Salon takardar ma na gane shi, don irin wanda ake rubuta wa ƙaramin ma'aikaci ne idan ana son ja masa kunne cikin ladabi.

Na rubuta amsa mai tsawo, na karanta wa mai ɗakina. Ta ce, "Malam, in ka aika wa zai karanta?" Na goge. Na mayar wa ƙungiya jiragen aron da ke hannuna, na fita ban yi sallama da kowa ba. Mutum biyu ne suka nemi jin lafiyata, cikinsu har da mai jinyar nan.

Watan jiya mun haɗu da darakta a wurin ta'aziyya a Badarawa. Ya taso da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya ga waɗanda ke kan tabarma yana cewa, "Wannan ogana ne, duk abin da na iya shi ya koya mini." Suka yi ta sa albarka. Na ce madalla, na nemi wuri can ƙarshen rumfa na zauna, aka shafa fatiha na tafi neman abin hawa.