Facin Tarakta a Bakin Kogi

A shekarun da sojoji ke mulki aka turo ni Gaya daga garinmu can gabas, in riƙa tuƙa wata 'yar ƙaramar tarakta ta koperatif ɗin manoman shinkafa. Ni ne direba, ni ne makanisiye. Matata tana da ciki, don haka na bar ta wajen iyayena, na kama ɗaki guda a bayan tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya. Mutanen fadamar Dendawa ne da Zabarmawa. Suna jin Hausa, amma ta ciniki. In sun gama nuna mini inda zan nome, sai su juya su ci gaba da hira da dariya cikin harshensu, ni kuwa in tsaya gefe ina goge hannu da tsumma.

Wata safiya ina kaftun gonar ƙarshe, wadda ke dab da kogi, garmar ta kama kututturen giginya da ke binne. Taraktar ta yi tsalle ta dira da ciki a kan dutse. Da na sauka na leƙa, sai ga baƙin mai yana bin ƙasa. Tukunyar ƙarfen da haƙoran injin ke juyawa a ciki, wadda muke kira karter, ta tsage a gefe, tsagar ta kai tsawon tafin hannuna.

Shugaban koperatif ya zo a kan kekensa, ya duƙa ya duba. Gwamnati ce ta ba su taraktar, a lokacin kuwa ba a wasa da kayan gwamnati, kuma dukanmu mun san haka.

Ya ce, "Malam, sabuwa sai daga Yamai, kuma ka san Yamai. Iyakar Najeriya a rufe take, balle a nemo a Kamba. Ruwa ya kusa shiga gonaki. Ka san yadda za ka yi."

Na je wurin mai walda a gari. Ya girgiza kai ya ce ƙarfen zubi ne, ba ya son wuta. In ya sa masa, tsagar za ta ƙara gudu. Taraktar kuma ba ta jawuwa daga inda take, ba a kuma barin ta ita kaɗai a daji. Sai na kwaso tabarmata da akwatin kayan aiki na tare a wata bukkar gona kusa da ita.

Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. Manoma sun koma gonakin da ke kusa da gari. Daga ƙetaren kogi nakan jiyo kiran salla na ƙauyukan Benin, in yi alwala in yi tawa ni kaɗai a gindin taya. Nakan tsinci kaina ina lissafin ko matata ta sauka, ba kuma wanda zan tambaya.

Mutum guda nake gani, wani tsoho masunci da ke gyaran kwalekwalensa a ƙarƙashin mangwaro. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, ni ma nawa Zabarmancin bai wuce "fofo" ba.

Aikin na yi shi yadda ubangidana ya koya mini a garaji. Na juye sauran man, na wanke tsagar da fetur har ta fito fili. Na huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba. Maƙeri ya yanko mini fallen ƙarfe ya lanƙwasa shi daidai cikin tukunyar. Na ƙetara gada da ƙafa zuwa kasuwar Malanville na sayo gam mai haɗi biyu da ƙananan bulon, wato kusoshin da ake murɗawa. Abin da ya gagare ni shi ne huda ramukan bulon ɗin: ina kwance rigingine, mahudin na hannu ne, fallen kuma sai zamewa yake. Na yi ta fama har hannuna ya fashe. Na jefar da mahudin, na zauna na haɗa kai da gwiwa.

Sai na ga ƙafafu a gabana. Tsohon ne. Ya nuna fallen, ya nuna kansa.

Na ce, "Baba, za ka ɓata rigarka."

Bai gane ba, ko kuwa bai damu ba. Ya kwanta kusa da ni cikin ƙasar da ta sha mai, ya danne fallen da hannu biyu. Haka muka yi ta yi, yana zuwa bayan azahar, ina hudawa yana riƙewa. Yakan yi ta magana da harshensa, ni ma in ba shi labarin garinmu da matata da Hausa. Wani lokaci yakan ce "to, to," kamar ya ji. Wata rana ya kawo gasasshen kifi a ganye muka ci.

Da ramukan suka cika, na yanka musu zaren da bulon zai kama, na cike tsagar da gam, na shimfiɗa robar cikin taya, na ɗora fallen na ɗaure bulon ɗaya bayan ɗaya a hankali, don ƙarfen zubi in ka matsa masa sai ya sake fashewa. Na bar shi ya bushe. Na yi wa tsohon nuni da hannu cewa gobe za mu tayar.

Da safe na zuba mai, na yi bisimilla na tayar. Ta kama. Na duƙa ina kallon facin. Ɗan gumi kawai yake yi a gefe guda, irin wanda tsumma ke sharewa. Na bar injin yana ruri na ruga gindin mangwaro. Babu kwalekwale, sai tokar murhu da ɓawon kifi. Wata mata mai wanki ta gaya mini da gurguwar Hausa cewa masunta sun bi kifi sun gangara ƙasa tun da asuba.

Na gama nome gonar, na tuƙo taraktar a hankali zuwa gari. Facin da na yi don ya kai mu ƙarshen shuka, shi ne a jikinta har aka canza mini wurin aiki, sabuwar tukunyar ba ta zo ba.

Ranar da na dawo gari da taraktar, na yi wanka na fita wurin mai shayin tasha, don bakina cike yake da labari. Na ce masa, "Maigida, taraktar nan fa ta tashi."

Ya ce, "Madalla," yana kallon kamiyon da ke shigowa. Sannan ya tambaye ni ko da madara zai haɗa mini.