Don Allah Kada Kowa Ya Ba 'Yar Luba Kifi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Luba ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni a Kaduna, ina bakin famfo da buroshi a hannu. Wata malamarmu ce ta kira, ta ce, "Hadiza, zamna tukun." Ban zauna ba, sai da ta faɗa sannan na zauna.

Malama Lubabatu nake nufi, wadda muke koyarwa a makaranta ɗaya a Birnin Kebbi, maƙwabciyata a unguwar Nassarawa. Jiya Jumma'a da la'asar motar hayar da ta shiga zuwa Argungu ta yi taho-mu-gama da babbar mota. An kai ta asibiti, da asuba ta cika. 'Yarta Amira tana kan cinyarta lokacin, amma ko ƙwarzane ba ta yi ba. Yanzu haka yarinyar tana Argungu, gidan kakarta Inna Ige, uwar mijin Luba, inda ake zaman makoki.

Ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman mutanen Argungu. Akwai maganar da ba za ta jira isowata ba.

Lokacin da aka turo ni Kebbi ban san kowa ba. Luba ce ta zaga da ni Nassarawa a ƙasa, cikin rana, har muka samu ɗaki. Da na yi laulayin ɗana na fari ta haɗa ajina da nata har zango ya ƙare, ba ta taɓa yi mini gori ba. Ladanta ɗaya, ta tsokane ni. Wai Hausarmu ta 'yan Kaduna ko gishiri babu.

Waɗanda suka san ta a 'yan watannin nan kuwa, da kular abincinta suka san ta.

Amira tun tana ƙarama take fama da borin jini. Leɓe ya kumbura, ido ya ƙanƙance, wani lokacin ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar usur. An canza sabulu, an yi hayaƙi, an sha rubutu, abu ya ƙi. Daga ƙarshe wani likita ya ce a cire mata duk abincin da ake zargi, a koma ga abinci tsantsa wanda aka san abin da ke cikinsa. In jiki ya lafa, sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Luba ta ce ba za ta iya cin abu 'yarta na kallon bakinta ba. Sai ta shiga dokar ita ma. Ba madara, ba ƙwai, ba gyaɗa, ba kifi, ba fulawa, ko magi ta daina sawa. Shinkafar Zauro, dankalin Hausa, kabewa, alayyahu, manja da gishiri, shi ke nan duniyarsu.

Ga mijinta Malam Nasiru yana aiki a Legas. Ita ce girki kafin gari ya waye, ita ce kai yarinya makaranta, ita ce aji, ita ce makin takardu, da yamma kuma ga lesin. Wallahi akwai ranakun da na gan ta tana gyangyaɗi da jan biro a hannu.

Mu kuwa a ɗakin malamai ba mu raga mata ba. Da ta buɗe kula sai mu ce ga mai abincin asibiti ta iso. Mu baje ƙosai da awara a gabanta, ni har fifita mata ƙamshin nake yi da littafi. Sai ta ce, "Ku ci abinku, ni ƙamshin ya ishe ni." Gidan biki ma da kularta take zuwa cikin jaka, har aka fara raɗe-raɗin wai tsoron sammu take yi. Ta ji, ta yi dariya, ba ta fasa ba.

A haka Amira ta koyi wata ɗabi'a. Ko alawa aka miƙo mata sai ta juya ta dubi uwarta. In Luba ta gyaɗa kai ta karɓa. In ta girgiza kai, sai ta ce na gode, ta ɓoye hannu a baya. Amma in uwar ba ta wurin karɓa take yi, don an koya mata ba a mayar da hannun babba.

Jiki dai ya lafa, fata ta yi sumul. Aka dawo da madara, lafiya. Ƙwai, lafiya. Gyaɗar da duk muka ɗora wa laifi ma ta ci ta kwana lafiya. Kifi Luba ta bari ƙarshe, ta yi ta ɗagawa, ina jin zuciyarta ta riga ta gaya mata.

Makon jiya ta gutsura mata ɗan tsoka, bai kai kan yatsa ba. Kafin ta wanke hannu leɓen yarinyar ya haye, numfashi yana fita da ƙyar. A kan babur ɗin kabu-kabu ta rungume ta zuwa asibiti, ko takalmi ba ta sa ba. Likita ya ce mata na gaba yana iya fin wannan muni, kada a sake ko romonsa ya shiga bakinta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya Alhamis ce, a ƙofar gidana. Ina shirin tahowa Kaduna sunan ƙanwata, ta kawo mini albasa in kai tsaraba. Ta jingina da bango ta ce, "Kihi na, Hadiza. Duk wahalar ga da munka sha, ashe kihi na."

Na ce, "Kifi? Jikar masunta guda?" Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Abin da ka ban tsoro ke nan. Gidan Inna ko miyar kuka sai an daka busasshen kihi ciki. In na hwaɗa mata ta waya cewa za ta yi na raina abincin gidansu. Gobe in an tashi makaranta ni tahi da kaina, in durƙusa gabanta in yi mata bayani."

Na ce ta bari in dawo mu je tare. Ta ce a'a, hutu ya matso, kuma can Amira take yin hutu.

Tafiyar da ta yi ke nan jiya. Ba ta isa ba, maganar ma ba ta isa ba.

Kada wani ya ɗauka ina zargin Inna Ige. Na ga tsohuwar nan da idona ta ɗora Amira a cinya, tana zare mata ƙayar kifi da yatsa tana sa mata tsokar a baki, tana yi mata kirari. Duk zuwa Argungu yarinyar da kumburi take dawowa, mu ce sauro ne ko iskar gulbi. Inna ba ta sani ba, har yanzu ba ta sani ba, kuma duk duniya ba abin da take so kamar jikar nan.

Tun safe nake kira. Malam Nasiru yana hanya daga Legas, wayarsa a kashe. Inna ba ta riƙe waya. Ta ƙanin Malam Nasiru tana shiga ba a ɗauka, na san suna wajen jana'iza. Malamar da ta sanar da ni tana jego a Birnin Kebbi, ita ma kiran take ta yi. Ni ina cikin mota, ko Gusau ba mu kai ba, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. In na isa da wuri, magariba.

Kun kuma san yadda muke yi. Gidan makoki ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke aiko da kwanuka, kuma unguwar masunta ce. Kun san yadda ake yi wa marainiya. Kowace mace za ta ja ta jikinta, ta shafa kanta, ta ce a miƙo kwano, yarinyar nan ba ta ci komai ba.

An ce tun jiya ta ƙi cin abinci, sai kuka. Abin da ya tsare ta ke nan zuwa yanzu. Amma shekararta biyar, azahar na zuwa, yunwa za ta ci ƙarfinta.

Don girman Allah, duk wanda yake Argungu ko yake da wani a can, ya shiga gidan ya nemi Inna Ige ko wata babbar mace, ya faɗa da ladabi amma ya faɗa. Kada a ba ta miyar kowa, ko da ba a ga kifi a ciki ba. A dafa mata farar shinkafa a wankakkiyar tukunya, manja da gishiri, za ta ci. In an riga an ba ta, aka ga leɓe ya fara tashi ko ƙirji yana ƙara, kada a tsaya jiƙa magani, a ruga asibiti.

Luba, ban san yadda zan shiga ɗakin malamai in ga kujerarki ba. Zuciyata ta karye, amma yau ko kukanki ban samu na zauna na yi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wahalar da kika sha a kan yarinyar nan ta zama nauyi a mizaninki. Allah Ya ba Malam Nasiru da Inna haƙuri. Allah Ya tsare Amira.

Ku sa Luba a addu'a, ku ce amin, amma kada ku tsaya a amin, ku tura rubutun nan Argungu. Yanzu kaɗan za a miƙo wa yarinyar nan loma, za ta juya ta nemi fuskar uwarta. Don Allah a samu wanda zai girgiza mata kai.