Babbar Rigar Alhaji Sale

Ba na jin zan manta da Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, lokacin ina ƙaramin mai kula da inji a gidan tarihin injinan tururi, can wajen Greensboro a Amurka. Aikina in hura tukunya in tayar da wani tsohon injin masaƙa, baƙi su gani. Injin yana da ƙaton wili da ya fi mutum tsawo, da bel da wilin ke ja. Abin da baƙo bai sani ba, ko ka rufe tururi, wilin ba ya tsayawa nan take. Nauyinsa ne ke ci gaba da jan sa. Shi ya sa dokar wurin ta hana kusantar shinge da tufa mai lilo.

Ran nan mutanenmu suka zo da iyalai daga unguwar Glenwood, an ci ado. A gaba akwai Alhaji Sale, dattijon da ya ɗaura mini aure, wanda ya yi ƙuruciyarsa a masaƙa a Kaduna. Shaddarsa sai ƙyalli.

Shugabata ta ja ni gefe ta ce da Turanci, "Mutanenka ne, ka yi masa maganar rigar."

Na rusuna na ce, "Baba, don Allah a ɗan tattare rigar, dokar kare lafiya ce."

Ya yi dariya. "Kai Habu, tun ba a haife ka ba nake shaƙar tururi." Amma ya naɗe ta a kafaɗa.

Na buɗe tururi, injin ya kama. Alhaji ya matso har shinge, idonsa ya ciko da ƙwalla, yana nuna wa surukinsa yadda suke yi a da. Hannun rigar ya zamo. Ya yi abin da kowane mai babbar riga ke yi ba tare da tunani ba: ya wurga shi kafaɗa. Gefen shaddar ya tsallake shinge, bel ya cafke.

Na rufe tururi, amma na san ba zai wadatar ba. Rigar ta fara jan wuyansa. Na tsallaka wurinsa, na danne kan Alhaji ƙasa da ƙarfi, na fizge rigar ta kansa. Hularsa ta yi gefe. Ga dattijo durƙushe ba riga ba hula, a gaban matarsa da surukinsa da jikoki.

"Ni ka danne wa kai, Habu?" in ji shi.

Wilin ya yi ta juyi har ya gaji, shaddar ta fito a yage, baƙi ƙirin da mai. Alhaji ya daɗe yana kallon wuyan rigar da ya murɗe kamar igiya. Sannan ya shafa nasa wuyan, ya ce a ba shi kujera.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku girmama manya, an haife mu a kan haka. Amma ƙarfe bai san furfura ba. Gara dattijo ya yi fushi da kai shekara guda, da ka je gidansa gaisuwar mutuwa da ladabinka.