Libarbar Malam a Rabon Gado

Malam, mahaifinmu, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Amma shekarar da satar mutane ta yi ƙamari, sai ga shi da tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar nan mai juyawa, ya sayo ta hannun wani direban babbar mota. Wai zai tsare fadamarsa ta Dundaye daga ɓarayi.

Sai da ya biya sannan ya tuna da tambaya. Wani ɗalibinsa lauya ya gaya masa cewa lasisin bindigar farauta ma da ƙyar ake samu, irin wannan kuwa sai da izinin shugaban ƙasa, wanda aka kama da ita kuma gidan yari ne makomarsa. Malam ya naɗe ta da tsohon rawani, ya cusa ƙasan akwatin littattafai. Da ɓarayi kawai yake tsoro, yanzu ya ƙara da 'yan sanda.

Bayan rasuwarsa muka taru a zaurenmu na Tudun Wada don rabon gado. Yayyena biyu maza, masu karatu kamar su haɗiye littafi, sun riga sun gama lissafinsu: fadama tasu, ni kuma littattafai da wani faƙo da ko akuya ba ta tsayawa a cikinsa. Wai mace me za ta yi da fadama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ce na yi shekaru ina bin Malam gonar nan, su ko hanyarta sai sun tambaya.

Kawu ya buɗe akwatin, ya warware rawanin, abar ta faɗo kan tabarma. Kowa ya ja da baya.

"Wagga ma dukiya ta, dole ta shiga rabo," in ji Kawu. "Wa ka ɗauka?"

"Ni ma'aikacin gwamnati na," in ji babban yayana. "In anka gan ta wurina, aikina ya tahi."

Na biyun liman ne, ya ce bai dace da shi ba. Suka dubi juna, nan take kyauta ta sauko musu. "A ba ƙanwarmu, mun yahe mata. Mace ta, ba mai bincikar ta."

"Allah shi saka, Yaya," na ce. "Amma Malam don fadama yas saye ta. Inda duk tat tahi, fadama na biye. In ba haka ba, ga ta nan, namiji kashi biyu garai, ku raba."

Ban taɓa ganin malamai sun sauya fatawa da sauri irin na ranar ba. Su da kansu suka nemo hujjar ba ni fadamar, har suna sa mini albarka.

Lauyan nan ya raka ni na miƙa ta ga hukuma. Jami'in ya yi ta ƙoƙarin juya ta, ta ƙi, tsatsa ta cinye cikinta tun tuni. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tashi ba, amma Malam bai yi asarar kuɗinsa ba: ta tsare fadamar daga waɗanda ya kamata.