Simintin da Na Zuba a Ɗakin Goggo Asabe

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu har ta kai ni ɗakin miji. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. A cikin labarin ni ce mai laifi, kuma malamar makarantar da ta shekara talatin da biyar tana zana jan biro a littafin 'ya'yan mutane ba ta saba a zana mata ba.

A gidanmu na gado Goggo ta ƙare rayuwarta, a wani ƙauye gabas da Gezawa, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida. Da mijinta ya rasu sai ta dawo ta zauna a soron da kakanmu ya gina da hannunsa, ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ko da tsakar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. An san ta da abubuwa da yawa. Ta san ganyen da ake dafa wa mai jego, da saiwar da ake jiƙa wa mai ciwon ciki, da wadda ba a ba mai juna biyu komai roƙonta. Amma sunan da ta yi har ƙauyukan maƙwabta na daɓe ne. Ga wanda bai taɓa gani ba, burji ake bazawa a ɗaki, wato ƙananan tsakuwa haɗe da jar ƙasa, mata su durƙusa su yi ta bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, har wurin ya yi tauri ya ɗauki sheƙi. Ko amarya za a kai, sai an jira ranar da Goggo ke da sarari.

A kan daɓenta na yi wasa, na yi barci, na yi aikin makaranta, amma ban taɓa riƙe madaɓi ba. Ita ba ta matsa mini ba, ni kuma ban tambaya ba. A ganina a lokacin, wannan aikin waɗanda ba su je aji ba ne.

Shekarar da aka ba ni shugabancin wata firamare a Ungogo, na ga ya kamata in yi wa Goggo abin da za a gani a yaba. Ta tafi Tofa jinyar wata 'yar'uwarmu na sati uku, ni kuwa na ɗauko birkila da buhunan siminti, aka malale ɗakin tas a kan daɓen, har da jan kala. Ranar da za ta dawo na riga ta isa, ina tsaye a bakin ƙofa baki har kunne. Ta cire takalmi ta shiga, ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana goga tafin ƙafarta a hankali. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Binta, ke kika yi wannan?"

Na ce ni ce, Goggo.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki."

Na koma Ungogo ina jin duk dangi babu 'ya kamata. Shekara shida ta yi a kan simintin nan kafin Allah ya karɓi abarsa. Na lura tabarma uku take shimfiɗawa maimakon ɗaya, na ce tsufa ne.

Bayan rasuwarta aka rufe soron, sai da salla ake buɗewa a share. A hankali gindin bangon ya fara jiƙa, wani farin abu kamar gishiri yana fitowa, ƙasar tana zuba idan aka taɓa. Shekara uku da suka wuce, daidai lokacin da na yi ritaya, Yaya Sule, babban wanmu wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya kira ni. Ya ce, "Binta, soron nan zai danne wani. Zan sa a rushe shi kafin ruwa ya sauka, a ɗora bulo." Gaskiyarsa ce, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma raina ya ƙi. A ɗakin nan aka haifi mahaifinmu, a ciki aka yi wa Goggo wanka na ƙarshe. Na roƙe shi ya ba ni damina ɗaya. Na ce idan kaka ta yi bangon bai bushe ba, ni da kaina zan kawo masu rushewa. Ya amince, ni kuma na fito ban san ta inda zan fara ba.

Wurin Iya Tabawa na nufa, ƙawar Goggo kuma abokiyar daɓenta, wadda a lokacin ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Ta dogara sandarta, muka zo soron tare. Ta shafa gindin bangon, ta ƙwanƙwasa simintin da sandarta, sannan ta juyo inda take jin motsina.

"Malama, wa ya toshe wa ɗakin nan hanci?"

Ta sani sarai, so take in faɗa da bakina. Ta yi mini bayanin da ba a taɓa yi mini a kwaleji ba. Ƙasa kullum tana fitar da laima. Daɓe yana barin laimar ta fita kaɗan-kaɗan ba a sani ba, siminti kuwa ba ya ba ta hanya, sai ta bi ta gefe ta shige gindin bango. Shekara goma sha huɗu ke nan bangon kakana yana shan ruwan da ni na tura masa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Aka fasa simintin, wani tsohon magini ya gyara gindin bangon, saura daɓe. Gwiwar Iya Tabawa ba ta durƙuso, sa'o'inta kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya zama dole mai shekara hamsin da tara ta koma ɗaliba. Na zo da littafi da biro kamar yadda na saba, na tambaye ta kwano nawa na makuba ake zuba wa bokiti nawa na ruwa. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Rubuta: sai ya yi." Daga baya ta tausaya mini ta ce in duba launin ruwan, in ya yi kamar shayin da aka manta a kan wuta, sai in ɗanɗana, idan baurinsa ya kama mini harshe to ya yi. Samun ɓawon ma sai da ya zama aiki. Ɗorawar da muka taso muna shan garinta a kowace gona yawanci an sare, sai da na bi masu daddawa ƙauye uku ina roƙon abin da a da ake zubarwa.

Daɓena na farko ya lalace. Na cika masa ruwa, na yi ta dukansa kamar ina fushi da shi, sannan da na ga hadari ya fara leƙowa daga gabas sai na wangale ƙofa da taga don ya bushe da wuri. Kwana uku ya tsattsage. Iya Tabawa ta taka da ƙafarta ta ce, "A tone." Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, da girmana da komai.

A karo na biyu ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ɗakin. Ba ta ganin abin da nake yi, amma tana jin amon madaɓi, ta ce can kusurwar bai ji ba, nan kuma kin wuce gona da iri. Matan maƙwabta suka fara zuwa kallon shugabar makaranta a durƙushe. Da kallon ya ishe su sai wannan ta karɓa, waccan ta karɓa, har wata dattijuwa ta tuno waƙar da suke yi suna bugu, sauran suka amsa. Kwana tara muka yi, ƙofa a rufe, muna yayyafi muna bugu. Sheƙin bai kai na Goggo ba, kuma na yi sati ina salla a zaune. Amma bai tsage ba.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga ƙauyen yau. Gidajen bulo sun yi yawa, wasu har da tayil, mutane na kwana a tsakar gida saboda zafin rufin kwano. Ban ce za ta yi tsaki ba, domin ita ba mai ƙin sabon abu ba ce. Ranar da aka kawo injin niƙa ita ta fara kai hatsinta, ta ce dutse ya ci ƙuruciyarta ya isa. Abin da na tabbata zai ba ta dariya shi ne matan da ke zuwa wurina yanzu duk bazara koyon daɓe. Akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai shagon ɗinki, akwai wata Hajiya daga birni mai sa safar hannu tana ɗauka da waya. Dukansu sun haura arba'in, kuma kusan kowace akwai tsohuwar da ba ta tambaya ba har ta mutu. Tambayar farko da suke yi mini ita ce kwano nawa a bokiti nawa.

In koma ga waccan shekarar. An yi damina mai ƙarfi, ni kuwa duk ruwan da aka yi sai gabana ya faɗi. Da kaka ta yi, an fara yankan gero, Yaya Sule ya zo soron, ni da Iya Tabawa muna ciki. Ya tsuguna, ya kankare gindin bangon da makullin babur ɗinsa, ya murza ƙasar a yatsa. Ya zagaya kusurwa huɗu yana yin haka. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "To, a bar shi." Ya fita.

Daɗi ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Na ce wa Iya Tabawa da Goggo ta san ɓarnar da simintin zai yi, ai da tun a ranar ta sa an fasa shi.

Ta ce, "'Yar nan, Asabe ce ba za ta sani ba? Tun daminar farko ta nuna mini bangon. Na ce mu sa a fasa, mu daɓe abinmu, kwana nawa ne. Ta ce a'a, Binta ce ta zuba, kuma da murnarta ta zuba. Gara bangon ya tafi da in kashe mata gwiwa."

Ni ina ta fafutukar ceto soron saboda Goggo, ashe ita tuni ta sallama shi saboda ni. Ɗakin ubanta ne, daɓen hannunta ne na binne, sanyin simintin kuma yana shiga ƙashinta shekara shida, duk ta haɗiye don kada fuskata ta canza.

Iya Tabawa ma ta rasu bara. Ganyayen da Goggo ta sani yawancinsu sun tafi da ita, ban kama ko kashi ɗaya cikin goma ba. Daɓen ne na samu na tsinta a makare, kuma muddin gwiwata na durƙusawa soron zai tsaya. Abin da ba zan iya gyarawa ba shi ne waɗancan shekaru shida. Allah ya jiƙan Goggo Asabe, ya sa makwancinta na yanzu ya fi wanda na yi mata daɗi.