Tsohon Holan da Ya Cinye Autata

Wata rana autata Kubura ta ja ni wani zauren taro a Kaduna. Wai wani tsoho ɗan ƙasar Holan ya zo, gwanin ces, darar nan ta Turawa mai sarki da doki. An ce tun yana saurayi yake yawon gasa ƙasa-ƙasa.

Kafin mu fita na kafa mata sharaɗi: in ya cinye ta, an gama da wasan nan, ta dawo rumfa mu sayar da kifi. Tun rasuwar babanta ni kaɗai nake fama, kuma ba na magana biyu.

Shi ɗaya ya kara da duk yaran da ke koyon darar, yana bin tebur-tebur. Kubura ce ta fi kowa daɗewa.

Amma ya cinye ta.

Ta miƙe, ido ya ciko. Sai tsohon ya jawo kujera, ya sake jera 'ya'yan darar, ya yafito ta.

Raina ya ɓaci. Na ce wa malamar da ke koya musu darar, "Tambaye shi. Ya ci, me kuma yake nema? Kuka yake so ta yi a gaban mutane?"

Ta fassara masa. Ya ce, "Gaya wa Mama, sau biyu 'yarta ta rutsa ni, ba ta sani ba. In ban nuna mata ba, za ta koma gida tana zaton ba ta iya ba. Ni ma haka waɗanda suka cinye ni suka yi mini."

Ni da ko sunan mai kawo mini kifi ba na faɗa wa maƙwabciyata.

Ya nuna mata wurin farko, ta dafe kai. Ya nuna na biyu, ta fashe da dariya.

Da zai tashi na ce, "Malama, ce masa a wurinmu ba a sallamar mutum babu gyara. Ya ƙara mata wasa ɗaya."

Ya koma ya zauna. Ya sake cinye ta, amma sai da ya cire hula ya share zufa.

A hanya ta ce, "Inna, gobe da sassafe zan fito rumfa?"

Na ce, "Wa ya kira ki?"

Darasi: In ka fi mutum, kada ka tashi sai ka nuna masa inda ya kusa kamo ka. Tsohon nan ban riƙe sunansa ba, amma Allah ya saka masa.

Ku tura wa duk uwar da ke shirin yanke wa ɗanta hukunci a ranar da ya faɗi.